Tayar da Ke Sacewa Ba Ƙusa: Yadda Ake Gano Laifin Tsohon Rim da Gyara Shi

Akwai masu mota da yawa da ba sa cika kwana uku ba su tsaya wajen mai faci ba. Ranar Litinin a buga wa tayar baya iska, ranar Alhamis da safe a tarar ta ɗan kwanta. Mai faci ya ɗaga motar, ya jujjuya tayar yana laluben ƙusa, bai ga komai ba. Ya shafa yawu a bakin bawul, shiru. Sai ya ce, "Alhaji, tayar nan lafiyarta ƙalau, a dai ƙara mata iska." A ƙara, a biya, a tafi, jibi a dawo. Wani haƙurinsa ya ƙare ya je ya sayo sabuwar taya, amma kafin mako ya zagayo ita ma ta fara sacewa a wannan ƙafa dai.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan an duba taya ba ƙusa, ba tsaga, ba tsohon facin da ya ɗago, to a waiwayi ƙarfen da take zaune a kai, wato rim. A tsofaffin motoci, musamman ’yan Beljiyam da tokumbo da suka cika titunanmu, sau da yawa nan ɓarakar take. Gyaran ba wuya, kuma bai kai kuɗin sabuwar taya ba, in dai an bi shi daki-daki kuma an san inda ya kamata a tsaya.

Yadda taya marar tif take riƙe iska

A da, zamanin da fijo 504 ke fitowa daga masana’antar Kaduna, mun saba da taya mai tif. Tif ɗin ne ke riƙe iska, don haka ko rim ya yi tsatsa ba lallai a gane ba. Motocin yau kuwa tubles suke amfani da ita. A cikinta an shimfiɗa wata roba ta musamman da ba ta barin iska ta ratsa da sauƙi, amma wannan roba rabin rumbun ce kawai. Ɗaya rabin shi ne rim ɗin kansa. Taya da rim su ne suka haɗu suka zama tif.

Wurin haɗuwarsu shi ne bakin taya, wannan zobe mai tauri da aka saka wa wayoyin ƙarfe a ciki. Yana zama a kan kafaɗar rim, ya jingina da leɓensa, iskar ciki kuma ta danne shi. Kowace taya baki biyu gare ta, na waje da na ciki. A rim mai inci 15, kowane zagaye ya kai kusan santimita 120. Ke nan akwai layi mai tsawon fiye da mita biyu da dole roba ta manne da ƙarfe ba tare da ko ƙofar allura ba. Sai kuma ramin bawul, wanda shi ma roba ce ta toshe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita ma iska tsaga take nema ta fita.

Abin da ke tsufar da rim

Rim iri biyu ne a motocinmu: na baƙin ƙarfe, wanda ake rufewa da wil-koba, da na aloi, wanda aka zuba da alminiyam. Mutane da yawa sun ɗauka aloi ba ya lalacewa tunda ba ya jan tsatsa. Yana lalacewa, sai dai tsatsarsa fara ce. Masana’anta tana rufe shi da fenti da wani shafi mai sheƙi. Da zarar shafin ya kwarzane, danshi sai ya shiga ƙarƙashinsa, alminiyam ya fara zama farin gari kamar alli, fentin ya kumbura ya yi ƙuraje. Ƙurajen nan ne ke ɗaga bakin taya kaɗan, iska ta riƙa silalewa ta tsakaninsu. Rim mai rufin kurom ya fi muni, domin rufin ɓarewa yake yi kamar ɓawon gyaɗa.

Motocin da ake shigowa da su daga Turai, Amurka da Kanada suna zuwa da ciwon tun daga can. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, gishiri ake watsawa a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Motar da ta shekara goma tana shan ruwan gishiri, sannan ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ko da fuskar rim ɗinta na ƙyalli, ba mamaki bayansa ya riga ya ci.

Mu ma a nan muna ƙara masa. Duk lokacin da aka cire taya da liba da guduma, sai an kwarzane leɓen rim, kuma kowane kwarzane ƙofa ce ga tsatsa. ’Yar dalmar balansin da ake maƙalawa a leɓe ita ma tana cizon fenti, shi ya sa ake yawan ganin kumfa daidai gindinta. Kwamfaresar da ba a zubar da ruwan tankinta tana tura danshi cikin taya tare da iska. Da damina motar ta ratsa kududdufi da taɓo, yashi ya cusa tsakanin roba da ƙarfe. Sai kuma ramukan hanya da gefen kwalbati: dukan rami guda cikin gudu ya isa ya lanƙwasa leɓen ciki, wanda ba mai ganinsa sai an cire ƙafar, ko ya tsaga aloi tsaga siririya kamar gashi.

Akwai kuma wani aibi da ba a cika samu ba: rim ɗin aloi da tun wajen zubi aka bar ƙananan ƙofofi a jikinsa. Yana sabo fenti ya toshe su, ya tsufa su buɗe, iska ta riƙa fita ta jikin ƙarfen kansa.

Da farko, a tabbatar yoyo ne

Kafin ka zargi rim, ka mallaki gejin auna iska naka na kanka. Gejin bakin titi ya sha faɗuwa ƙasa, kuma na wannan mai faci ba ya daidai da na wancan. Ido ma ba abin dogaro ba ne, domin tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ba a gane ba.

Adadin iskar da motarka ke buƙata yana rubuce a wata ’yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin kuma a murfin tankin mai. Yawancin ƙananan motoci tsakanin psi 30 ne da 35. Idan gejinka da ma’aunin bar yake awo, bar 2.2 daidai yake da kusan psi 32. Lambar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a riƙa buga mata ba.

Ka auna da sassafe kafin motar ta motsa, ka rubuta na kowace ƙafa a takarda, ka sake bayan kwana biyu, ka sake bayan mako. Lafiyayyar taya kan rasa psi 1 zuwa 2 a wata, wannan ba ciwo ba ne. Sanyi ma yana rage awo: duk saukar zafi da digiri 5 zuwa 6 a ma’aunin Salsiyas tana rage kusan psi 1. Shi ya sa da asubahin hunturu za ka ga duk ƙafafu huɗu sun ragu tare, rana ta ɗaga su dawo. Amma idan ƙafa ɗaya ce take raguwa ita kaɗai, psi 2 ko 3 a mako ko fiye, to yoyo ne, a shiga nemansa.

Motocin Amurka daga ƙarshen 2007, da na Tarayyar Turai daga Nuwamba 2014, doka ta wajabta musu na’urar gargaɗin iskar taya. Fitilarta ruwan ɗorawa ce a dashbod, kamar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Sai dai a motocin Amurka ba dole ta kama ba sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Wanda ya jira fitila ya riga ya yi kwanaki yana tafiya a kan taya mai yunwa.

Neman inda iska ke fita

Kayan aikin ba su da yawa: ruwa, sabulun wanke kwanuka ko garin sabulu kaɗan, gora mai feshi ko soso, alli, da haƙuri. Haƙurin ya fi komai muhimmanci, domin abin da ya sa mai faci ba ya gano irin wannan yoyo shi ne sauri. Ƙusa tana tada manyan kumfa nan take. Yoyon bakin rim kuwa sai an jira.

A cire ƙafar, a wanke taɓon jikinta, a buga mata iskarta ta ƙa’ida ko a ɗan ɗara kaɗan, ban da wuce lambar da ke jikin taya. A fara da bawul. A cire murfi a ɗiga ruwan sabulu a bakinsa. Idan ya yi kumfa, fil ɗin ciki ne ya saki ko ya mutu, a ɗaure shi ko a canza. Sannan a jiƙa gindin bawul, a tura shi da yatsa hagu da dama. Robar da rana ta dafa takan tsage a gindi, kuma ba ta nunawa sai an tanƙwara ta.

Daga nan a kwantar da ƙafar a ƙasa, a zuba ruwan sabulu ya cika kwarin da ke tsakanin taya da leɓen rim, zagaye duka. A bar shi minti goma zuwa sha biyar ba a taɓa ba. Abin da ake nema shi ne farar kumfa mai laushi da ke taruwa wuri guda kamar kumfar nono. Duk inda ta fito a shata da alli, a jikin taya da jikin rim. Sai a kifa ƙafar a yi wa bayanta haka. Kada a tsallake wannan, domin bakin ciki shi ya fi shan laka da ƙurar birki, kuma shi ya fi lanƙwasa.

Idan duk ba a ga komai ba, a jiƙa cikin rim ɗin baki ɗaya, da gindin ƙafafunsa, da layin walda in na baƙin ƙarfe ne. In akwai rabin duro ko baho mai ruwa, a nutsa ƙafar sashe-sashe, a jira ruwan ya kwanta, a zuba ido. Wani yoyon kuma ba ya bayyana sai nauyin mota na kan taya. Irin wannan sai a mayar da ƙafar, a fesa sabulu a sashen da ke ƙasa, a ɗan gangara da motar, a sake fesawa, har a zagaye.

Wurin kumfa shi ke faɗin irin aikin da za a yi. Kumfa jere a bakin taya, tsatsa ce ko datti. Kumfa wuri guda inda leɓe ya lotsa, lanƙwasa ce. Kumfa a layi siriri da ya ratsa ƙarfe, tsaga ce, kuma hukuncinta daban.

Gyaran bakin rim, mataki-mataki

Wannan aiki da mai faci za a yi shi, zai fi kyau a wurin da ke da injin cire taya. Amma mai mota ya tsaya a kai, ya faɗi abin da yake so tun farko: "Malam, ba iska nake so ba, so nake a sauke tayar gaba ɗaya a wanke bakin rim." A yi ciniki a kan haka, domin aikin awa guda ne ko fiye, ba na minti biyar ba.

1. A yi wa taya alama da alli daidai bawul, don a mayar da ita yadda take. A cire fil, iska ta fita duka, sannan a raba bakin tayar da rim. Idan motar mai sansa ce a gindin bawul, wato na’urar gargaɗin iskar nan, a gaya wa mai aikin tun kafin ya sa liba, domin sansar tana karyewa kuma tana da tsada.

2. A fitar da tayar gaba ɗaya. Masu danna baki ƙasa su goge abin da hannu ya kai, su mayar, rabin aiki suke yi, bayan wata biyu a dawo gidan jiya.

3. A wanke rim da ruwa da sabulu, ya bushe, a duba shi cikin haske. A bi kafaɗu biyu da yatsa. A duba ramin bawul, shi ma yana cin tsatsa.

4. A kankare tsatsar. Rim na baƙin ƙarfe, burushin waya ya dace da shi. Na aloi kuwa a yi amfani da samfefa, domin burushin baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyam, ya haifar da sabuwar tsatsa. A fara da mai kaushi, lamba 80 zuwa 120, inda ya ci sosai, a gama da mai laushi, 240 zuwa 400. A riƙa gogewa ana bin zagayen rim, kada a gitta, domin zanen da ya gitta hanya ce aka shara wa iska. A cire duk fentin da ya kumbura har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. Kada a yarda a sa injin gurza mai faifan dutse: yana cin ƙarfe ya bar kwari, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

5. A goge ƙurar da tsumma mai tsabta da sifirit ko tina. A shafa yatsa: in ya wuce sumul ba ya sarƙewa, an yi.

6. A rufe ƙarfen da aka tone. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke sa gyara ya daɗe. Ƙarfe tsirara yana komawa tsatsa cikin ’yan watanni. A fesa fentin share fage, sannan fenti, shafi siriri ba mai kauri ba, a bar shi ya bushe sosai, in da hali ya kwana. Motar ta yi amfani da safaya kafin nan. Idan safayar siririya ce irin ta wucin gadi, iskarta psi 60 ce, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita.

7. A goge bakin tayar ita ma. Tsatsar rim takan manne a jikin roba. A cire ta da tsumma ko samfefa mai laushi, a hankali. Idan bakin ya yage har waya ta fito, tayar ta gama aiki.

8. A sa sabon bawul. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ba hikima a mayar da tsohuwar roba bayan duk wannan wahala. Mai sansa kuwa robar gindinsa da fil ake canzawa. In jikinsa na alminiyam ne, kada a sa masa fil ko murfin tagulla, domin ƙarafan biyu suna cin juna har su manne.

9. In akwai ƙananan ramuka da samfefa ba ta share ba, a shafa baƙin gam ɗin bakin taya da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Shafi siriri da burushi ya isa. Gam ɗin mataimaki ne ga rim mai tsabta. Wanda ya shafa shi a kan tsatsa ya rufe ciwo ne da ƙuda a ciki.

10. A mayar da taya da man sa taya ko ruwan sabulu kaɗan. In tana da kibiyar da ke nuna inda take juyawa, ko rubutun da ke nuna fuskar waje, a kiyaye. A buga iska har bakuna biyu su hau da ƙara, amma kada a wuce psi 40 wajen hawar da su, kuma kada kowa ya sa hannu ko ya sunkuya a kai. In ba su hau ba, a sace iskar, a sake shafa sabulu, a sake gwadawa. A duba siririn layin da ke zagaye da gefen taya: ya kasance tazararsa da leɓen rim ɗaya ce ko’ina.

11. A daidaita iska zuwa ta ƙa’ida, a maimaita gwajin sabulu a fuska biyu kafin a biya kuɗi. A yi balansin, kuma ga rim ɗin aloi a nemi dalma mai mannewa a ciki maimakon mai cizon leɓe.

12. A ɗaura ƙafar, a ɗaure notuna a gicciye, ba bi da bi ba. Yawancin ƙananan motoci ƙarfin ɗaurinsu tsakanin Nm 100 ne da 120. Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙar da ƙusoshin ƙafa, yana kuma ɓata mazaunin noti. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake taɓa su. Washegari da safe a auna iska, bayan mako a sake.

Idan ƙofofin zubi ne a cikin rim, ana goge wurin daga ciki da samfefa, a tsabtace, a shafe shi da gam mai ƙarfi, ya bushe kafin a mayar da taya. Wannan ya halatta ga ƙofa ’yar ƙarama kawai, ban da tsaga.

Dabarun da ke jawo nadama

Na sha ganin ana shafa giris ko baƙin mai a bakin taya don a toshe yoyo. Yana toshewa na ’yan kwanaki. Amma duk man da aka samo daga fetur yana narkar da roba, bakin ya yi laushi ya kumbura, kuma taya tana iya zamewa a kan rim lokacin da aka taka birki da ƙarfi. Cusa leda ko tsumma ko yankin tsohon tif a bakin ma haka ne, hana bakin zama daidai yake yi.

Sai dabarar da ta fi yaɗuwa: "A sa mata tif kawai a huta." Cikin tayar tubles ba sumul yake ba, yana da tudu-tudu da ke gurzar tif. Gurza tana haifar da zafi, ga kwaltar watan Afrilu a hanyar Kano zuwa Maiduguri, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Babbar fa’idar tubles ita ce in ƙusa ta shige ta, a hankali take sacewa, direba ya samu ya tsaya. Tif kuwa lokaci guda yake saki. Wanda ya sa tif ya sayar da yoyon da ke ba shi kwana uku, ya sayi wanda ba ya ba da daƙiƙa uku. In larura ta sa an yi a daji, a cire shi da an iso gari.

Ruwan toshe huda na gwangwani an yi shi ne don hudar ƙusa a tafin taya. Juyawar taya tana watsa shi can, ba ya isa bakin rim, kuma yana iya toshe sansa. Iskar naitirojin da wasu wurare ke sayarwa ita ma ba ta toshe ɓaraka. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce.

Abu biyu kuwa ganganci ne da rai. Na farko, zuba fetur a cikin taya a kyasta ashana don baki ya hau. Na biyu, kai wutar walda ko wani zafi jikin rim alhali taya na kai. Zafin yana sa robar ciki ta fara ruɓewa tana fitar da iskar gas, matsi ya hau cikin ɗan lokaci, tayar ta tarwatse, ko da an riga an sace iskarta, ko da an kashe wutar. Duk aikin wuta a kan rim, sai an sauke taya tukuna.

Lokacin da rim ya gama

Rim na baƙin ƙarfe da leɓensa ya ɗan lotsa ana iya buga shi ya dawo, domin ƙarfen yana da haƙuri. Aloi ba ya son guduma, tsagewa yake yi. Ƙaramar lanƙwasa masu injin miƙe rim suna iya gyara ta, amma a duba tsaga bayan an gama.

A haƙura da rim idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: tsaga a ƙafafunsa ko kusa da ramukan noti, tsaga fiye da ɗaya, tsohuwar walda da ta sake buɗewa, ramukan noti da suka zama ƙwai, tsatsar da ta ci har ƙarfe ya yi siriri ko ya huje, ko kuma an wanke baki sau biyu yadda ya kamata yoyo bai daina ba. Ƙaramar tsaga guda a leɓen ciki ƙwararren mai waldar alminiyam yana iya kama ta, amma zafin walda yana rage ƙarfin wurin. Motar haya da mai doguwar tafiya da iyali su canza kawai.

Wajen sayen wani, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko Panteka ta Kaduna, a tafi da tsohon a hannu. A bayan rim akwai rubutu irin 6Jx15 ET45: faɗi inci 6, tsayi inci 15, lamba ta ƙarshe kuma tana nuna yadda yake shiga ciki ko fitowa waje, da milimita. A dace da yawan ramuka da tazararsu. Yawancin Golf 3 suna da 4x100, fijo 406 tana da 4x108, Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2013 tana da 5x100. Camry da Accord masu noti biyar duk 5x114.3 ne, amma ramin tsakiyar Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, kuma mazaunin notinsu ya bambanta. Don haka shigar ramuka kaɗai ba ta isa hujja ba. A juya rim ɗin a kan injin balansin a ga ko yana rawa, a duba bayansa ko akwai walda da aka ɓoye da sabon fenti. Lafiyayyen rim na baƙin ƙarfe ya fi aloi mai kyan fuska da tsaga a baya.

A duba shekarun tayar ma. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da ƙera ta. Tsohuwar roba tana taurarewa, ba ta lafewa a jikin ƙarfe, ko rim ɗin sabo ne.

Kiyayewa

Bayan gyara, abin da ya rage kulawa ce. A riƙa wanke bayan rim, ba fuskarsa kaɗai ba, musamman bayan an ratsa taɓo. Kowane bawul ya kasance da murfinsa, don ƙurar hunturu. Duk lokacin da za a sa sabuwar taya, a ce a goge bakin rim a sa sabon bawul tun tayar tana ƙasa. A rage gudu a hanya mai ramuka. A auna iska duk mako biyu, har da safaya.

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, ta yi zafi, wayoyin cikinta su saki, ta cinye gefe-gefe, ta ƙara shan mai, wata rana ta fashe cikin gudu. Ƙara iska duk bayan kwana uku jinkirta wannan rana ne kawai. Ya kai mai mota, in kana da ƙafar da ke sacewa ba ƙusa, ware mata safiya guda a wannan makon, ka sa a sauke ta, a duba rim ɗin gaba da baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.